Tantance Labaran Jiragen Yaƙi: Me Ya Sa Ruwayoyi Ke Saɓawa, Kuma Wace Hujja Ce Abin Dogaro?

A ranar 31 ga Maris, 2021, wani jirgin yaƙi ƙirar Alpha Jet na Rundunar Sojin Saman Nijeriya ya ɓace a jihar Borno da matuƙa biyu a cikinsa. Cikin 'yan kwanaki Boko Haram ta saki bidiyo tana iƙirarin ita ce ta kakkaɓo shi. Rundunar ta ce bidiyon haɗe-haɗe ne, masu nazarin hotuna kuma suka gano cewa wurin da aka nuna jirgi yana tarwatsewa a sama an yanko shi ne daga wani tsohon bidiyo na yaƙin Siriya. Sai a watan Maris na 2022 sojojin ƙasa suka ba da sanarwar cewa sun tarar da tarkacen jirgin a dajin Sambisa. Gano cewa bidiyon na jabu ne ya rushe hujjar masu iƙirarin, amma bai bayyana abin da ya kayar da jirgin ba, domin waɗannan tambayoyi ne guda biyu mabambanta. Idan irin wannan ruɗani yana aukuwa a zamanin wayar hannu da tauraron ɗan'adam, ba abin mamaki ba ne a ga masana tarihi suna jayayya har yau a kan jirgin da ya faɗi a 1943 ko 1961, a cikin dare, a wurin da babu mai ɗaukar hoto.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Yawancin ruɗanin yana farawa ne daga ɗaukar abubuwa uku tamkar abu ɗaya. Na farko shi ne iƙirari, wato abin da matuƙi ko mai sarrafa bindigar kakkaɓo jirage ya faɗa wa jami'in tattara bayanai bayan an dawo sansani. Na biyu shi ne tabbatarwar runduna, wato amincewar da shugabanninsa suka yi da iƙirarin bisa shaidar abokin tafiyarsa ko hoton kyamarar da ke haɗe da bindiga. Kalmar tabbatarwa a nan tana yaudarar mai karatu, domin ɓangare guda ne ya faɗa kuma shi ne ya gaskata kansa. Na uku shi ne asarar da mai jirgin ya rubuta a rajistarsa ta cikin gida don a aiko masa da wani jirgin da wasu matuƙan. Masana tarihi sun fi dogara da wannan na ukun, saboda kwamandan da ya ɓoye asararsa ga ma'ajin kayan yaƙi ba zai sami madadin abin da ya rasa ba.

Kalmar ɓacewa ita ma tana buƙatar kula. A takardun soja ma'anarta ita ce jirgi ya tashi bai dawo ba, ba ta nuna inda ya faɗi ko dalilin faɗuwarsa. Sau da yawa magatakarda yana ƙara zato a gefenta, kamar a ce ana kyautata zaton ya faɗa teku, sai mai kwafa na gaba ya yar da kalmar zato ya bar teku.

Akwai kuma bambancin doka da mutane da yawa ba su sani ba. Yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ta kafa ƙa'idojin zirga-zirgar jiragen sama na duniya, ta shafi jiragen farar hula ne, ta ware jiragen soja da na kwastan da na 'yan sanda. Saboda haka tsarin da ya tanadi bincike mai zaman kansa da wallafa rahoto idan jirgin fasinja ya faɗi bai hau kan jirgin soja ba. Kwamitin bincike na rundunar ne ke duba lamarin, kuma sakin rahoton ko riƙe shi yana hannun hukuma.

Daga ina kuskuren ke shigowa?

Ba kowane kuskure ne ƙarya ba. A ranar 15 ga Satumba, 1940, lokacin gumurzun sama tsakanin Birtaniya da Jamus, Turawan Ingila sun sanar da cewa sun kakkaɓo jiragen Jamus 185. Da aka sami rajistar Jamusawa bayan yaƙi, sai aka ga asarar ba ta wuce kimanin 60 ba. Matuƙan ba su haɗa baki don yin ƙarya ba. Mutum uku suna iya harbin jirgi ɗaya a cikin daƙiƙu kaɗan, kowannensu ya ga hayaƙi ya ɗauka harbinsa ne ya ci, kuma jirgin da ya yi ƙasa yana tuƙa hayaƙi yana iya lallaɓawa ya sauka a sansaninsa. An ga irin wannan ninkin a kowane ɓangare, a kusan kowane yaƙi da aka yi da jirage.

Hanya ta biyu ita ce zaton da ya rikiɗe ya zama tarihi, kuma babu misalin da ya fi na wani jirgin Amurka ƙirar B-24 da aka yi wa laƙabi da Lady Be Good. Ya tashi daga Soluk, kusa da Bangazi a Libiya, ranar 4 ga Afrilu, 1943, da mutum tara, don kai hari birnin Napoli na Italiya, bai kuma dawo ba. An ɗauka ya faɗa Bahar Rum, kuma haka maganar ta zauna shekara goma sha biyar. A 1958 masu neman man fetur suka hango shi daga sama a tsakiyar hamada, kimanin kilomita 700 kudu da gaɓar teku. Abin da ya faru shi ne jirgin ya wuce ta kan sansaninsa a cikin duhu ba tare da sun ankara ba, ya yi ta nausawa kudu har mai ya ƙare, mutanen suka diro da laima suna tsammanin ruwa ne a ƙarƙashinsu. A 1960 aka tsinci gawarwakin takwas daga cikinsu, tare da ɗan littafin da mataimakin matuƙin, Robert Toner, yake rubuta abin da ke faruwa kowace rana, inda ya nuna sun yi kwanaki suna tafiya arewa da ruwan da bai cika gora ɗaya ba. Takardar hukuma ba ta yi nufin ɓoye komai ba, amma ta kuskure wurin da ɗaruruwan kilomita, kuma da ba a ga tarkacen ba da har yanzu teku ake ambata.

Hanya ta uku ita ce ɓoyewa da gangan, wadda wani lokaci ɓangarorin biyu ke yi tare. A ranar 13 ga Yuni, 1952, wani jirgin sojan Suwidin ƙirar DC-3 ya ɓace a kan tekun Baltik da mutum takwas. Gwamnatin Suwidin ta ce jirgin horarwa ne, Tarayyar Sobiyet kuma ta ce ba ta san zancen ba. Kusan shekara arba'in aka yi kafin kowanne ya sauya magana: jirgin yana aikin sauraren na'urorin Sobiyet ne a asirce, kuma a 1991 Mosko ta amsa cewa jirginta ƙirar MiG-15 ne ya harbe shi. An gano tarkacen a ƙarƙashin teku a 2003, aka ɗago shi a 2004, aka ga ramukan harsasai a jikinsa, agogon ɗakin matuƙa kuma ya tsaya a ƙarfe 11:28. Darasin da masu bincike suka ɗauka shi ne cewa samun sanarwar ƙasashe biyu masu gaba da juna bai isa ba, domin kowace tana iya samun dalilinta na yin shiru a kan abu ɗaya.

Yadda ake auna ruwaya

Wanda ya san yadda malaman hadisi ke bin isnadi ba zai ga baƙon abu a wannan aiki ba. Tambayar farko ita ce wa ya fara faɗa, yaushe ya faɗa, ganau ne ko jiyau. Littattafai goma da shafukan intanet ɗari da suka kwafa daga rahoton jarida guda ruwaya ɗaya ce tak, yawan maimaita ta bai ƙara mata ƙarfi ba. Alamar da ke tona irin wannan kwafe ita ce kuskure iri ɗaya, kamar sunan ƙauye da aka rubuta ba daidai ba, ya riƙa bayyana a duk inda aka kawo labarin.

Daga nan sai a nemi takardun da aka rubuta a ranar, ba don jama'a su karanta ba. Kowace tawagar sojin saman Birtaniya tana da littafin ayyukan yau da kullum, kuma ana iya duba su a ma'ajiyar tarihi ta Kew da ke Landan. Amurkawa suna da rahoto na musamman da ake cikawa a kan kowane jirgin da bai dawo ba. Na Jamus suna da giɓi mai yawa, saboda an lalata kaso mai tsoka na takardun sojin samanta a ƙarshen yaƙi. Kowane jirgi yana da lambar da masana'anta ta buga masa, injinansa ma haka, don haka ɗan guntun ƙarfe mai lamba yana iya raba gardamar da aka shekara hamsin ana yi. Idan aka ce an kakkaɓo jirgi mai lamba kaza ranar Talata, sai aka same shi a rajista ya tashi aiki ranar Alhamis, magana ta ƙare.

Akwai kuma awon da hankali da lissafi ke yi. Shin man da jirgin ke ɗauka zai kai shi wurin ya dawo da shi? Shin yana da kayan tashi da dare? Akwai farin wata a daren, ko hazo ya rufe sama? Har agogo yana rikita mutane, domin rundunoni da yawa suna rubuta lokaci da agogon Girinwic, wato GMT, mutanen gari kuma da nasu, sai abin da ya faru kusa da tsakar dare ya fito da ranaku biyu, mai karatu ya zaci aukuwa biyu ce.

Ndola: wa ake yarda da shaidarsa?

Lamarin da ya fi fito da wahalar wannan aiki ya faru ne a Afirka. A daren 17 wayewar 18 ga Satumba, 1961, jirgi ƙirar DC-6 da ke ɗauke da Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Dag Hammarskjold, ya faɗi a daji kusa da Ndola, a Rodeshiya ta Arewa, wato Zambiya ta yau. Yana kan hanyarsa ce ta ganawa da Moise Tshombe, jagoran 'yan awaren Katanga, don neman tsagaita wuta a rikicin Kongo. Mutum 16 ne a cikin jirgin. Guda ɗaya, Saje Harold Julien, ya rayu na 'yan kwanaki a asibiti, ya kuma yi maganar fashewa da tartsatsi a sama kafin ya cika. Duk da cewa wurin ba shi da nisa da filin jirgin, hukuma ba ta sanar da gano tarkacen ba sai bayan kimanin sa'a goma sha biyar.

Kwamitin da gwamnatin Turawan Rodeshiya ta kafa ya yanke a 1962 cewa kuskuren matuƙa ne, sun yi ƙasa fiye da kima. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na wannan shekarar ya ce bai iya tabbatar da dalili ba, bai kuma iya kore yiwuwar hari ko maƙarƙashiya ba. Abin da ya fi jan hankalin masu bincike na baya shi ne yadda aka yi da shaidun baƙar fata. Akwai masu ƙona gawayi da ke kwana a dajin a wannan dare, da mazauna unguwannin bayan gari, waɗanda suka ce sun ga ƙaramin jirgi yana bin babban, sun ga walƙiyar wuta, sun ga babban yana ci kafin ya faɗi. An yi watsi da maganarsu da hujjar cewa ba su san jirage ba ko kuma siyasar ƙin Turawa ce ke motsa su, maganar Julien kuma aka ce ta majinyaci ce da ba ya cikin hayyacinsa. Mutanen da suka fi kowa kusa da wurin su ne aka fi rage wa daraja, kuma ba a yi hakan bisa wani awo na abin da suka faɗa ba.

A 2015 Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, Ban Ki-moon, ya naɗa kwamitin ƙwararru ƙarƙashin Mohamed Chande Othman, alƙalin alƙalan Tanzaniya a wancan lokaci, wanda daga baya aka ɗora masa ci gaba da binciken. Aikinsa ya yi yanka ta fuska biyu. Ya raunana wasu jita-jitar da suka daɗe suna yawo, kamar cewa an yi fashin jirgin a sama, ko an harbe Hammarskjold a ƙasa bayan ya tsira. Amma a rahoton 2017 ya ce akwai yiwuwar hari ko barazana daga waje ne ya kayar da jirgin. Daga cikin abin da aka auna har da shaidar Charles Southall, jami'in sojan ruwan Amurka da ke aiki a tashar sauraren saƙonni a tsibirin Ƙubrus, wanda ya ce ya ji muryar wani matuƙi yana bayyana harin a daren. An kuma yi ta lissafin ko jirgin Katanga ƙirar Fouga Magister zai iya zuwa Ndola da dare ya koma. Othman ya sha nanata cewa akwai alamun muhimman takardu suna hannun Amurka da Birtaniya da Afirka ta Kudu ba a fito da su ba, kuma har yau ba a rufe binciken ba.

Matsayin ɓangarori

Masu fifita takardu suna cewa ƙwaƙwalwar ɗan'adam tana sauyawa, wanda ya ba da labari bayan shekara hamsin yana cakuɗa abin da ya gani da abin da ya ji a rediyo, kuma wanda ya ga wuta a sama da dare ba zai iya tantance nisa ko tsayi ba. Wannan gaskiya ne, binciken haɗurran jiragen fasinja ya sha nuna shaidu suna cewa jirgi ya kama wuta a sama alhali sai da ya bugi ƙasa ya kama. Masu kare shaidar baka kuma suna cewa takarda ma mutum ne ya rubuta ta, sau da yawa ma mutumin da ke da abin karewa, kuma a ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka mai mulki ne kaɗai ke da alƙalami. Abin da ya fi inganci a aikace shi ne a auna shaidar da aka ɗauka da wuri, daga mutanen da ba su haɗu da juna ba, a ga inda ta dace da tarkace da lokaci. A Ndola an ɗauki wasu shaidun tun a 1961 da 1962, don haka zargin mantuwa bai hau kansu ba.

Jayayya ta biyu tsakanin tsaro ce da haƙƙin sani. Rundunoni suna cewa rahoton haɗari yana tona raunin jiragensu da dabarunsu, kuma jami'ai ba za su faɗi gaskiya ga kwamiti ba idan sun san za a buga maganarsu a jarida. Wannan hujja tana da ƙarfi a shekarun farko, amma tana raguwa idan an daina amfani da jirgin kuma yaƙin ya wuce. Shi ya sa Birtaniya ta rage wa'adin buɗe takardun gwamnati daga shekara 30 zuwa 20, Amurka kuma take da tsarin buɗewa bayan shekara 25, ko da yake duka biyun sun bar ƙofar togiya ga takardun leƙen asiri. A Nijeriya Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma damar hana abin da ya shafi tsaro, ga kuma Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962.

Inda abin ya taɓo mu

Ƙasar Hausa tana cikin wannan tarihi kai tsaye. Daga Satumbar 1940 Turawan Ingila suna sauke jirage a akwatuna a Takoradi ta Gana, su harhaɗa su, su tuƙa su ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lami da Junaina da Fashir da Hartum har Masar, kuma sama da jirage 5,000 suka bi wannan hanya. Wasu sun faɗi a dazuzzukan da ke tsakani. A Janairun 1942 wani jirgin Jamus guda ɗaya ƙirar Heinkel 111 ya tsallako Sahara daga Libiya ya jefa bama-bamai a ma'ajiyar mai ta Fort Lami, wato Injamena ta yau. Takardun waɗannan abubuwa suna Turai, mutanen ƙauyukan da suka gani da idonsu kuwa kusan duk sun kwanta dama.

A yaƙin basasa ma akwai irin wannan. A Oktoban 1967 wani jirgin fasinja ƙirar Fokker F27, da Biyafara ta mayar na jefa bam, ya tarwatse a sararin Legas. Ɓangaren tarayya ya ce bindigoginsa ne suka kakkaɓo shi, wasu marubuta kuma suna ganin bam ɗin da ke cikinsa ne ya tashi. Sai kuma haɗarin 26 ga Satumba, 1992, lokacin da jirgin soja ƙirar C-130 ya faɗa fadamar Ejigbo mintuna kaɗan bayan tashinsa daga Legas, ɗauke da hafsoshi masu yawa da ke kwas a kwalejin Jaji. Wanda ya bi rubuce-rubucen da aka yi a kai zai ga 158 a wani wuri, 159 a wani, 163 a wani. Bambancin yana da kamar ƙanƙanta a takarda, amma kowace lamba a cikinsa mutum ne mai iyali.

Tasirinsa ga talaka

Iyalin wanda ya ɓace su ne suka fi ɗanɗana rashin tabbas. Kuɗin sallama da fansho suna jiran takardar shaidar mutuwa. A shari'ar Musulunci ba a raba gadon wanda ya ɓace, matarsa kuma ba ta shiga takaba, sai mutuwarsa ta tabbata ko alƙali ya yanke hukunci, don haka kalma guda a rajistar runduna tana iya tsayar da rayuwar gida na shekaru. Iyalan mutanen jirgin Suwidin sun shafe shekaru da dama suna jin raɗe-raɗin cewa mazajensu suna raye a kurkukun Sobiyet, kuma ko bayan ɗago tarkacen gawa huɗu kawai aka iya tantancewa daga cikin takwas.

Ga waɗanda bam ya faɗo wa daga sama, alƙaluma su ne ke yanke wanda za a biya diyya da wanda za a manta. A harin kuskure da jirgin sojin saman Nijeriya ya kai sansanin 'yan gudun hijira na Rann a jihar Borno, ranar 17 ga Janairu, 2017, ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara ba da adadin 52, daga baya ta ce kimanin 90, shugabannin yankin kuma suka ambaci sama da 200. A Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi, daren 3 ga Disamba, 2023, sojin sama sun ce ba jirginsu ba ne, sannan sojin ƙasa suka amsa cewa jirginsu marar matuƙi ne ya kai harin a kan masu Mauludi. Hukumar agajin gaggawa ta ce an binne mutum 85, ƙungiyar Amnesty ta ce sun haura 120. Mai bincike da zai zo bayan shekara arba'in zai tarar da sanarwar hukuma a ajiye, amma abin da zai ba shi damar auna ta shi ne jerin sunayen da limami da mai unguwa suka rubuta a ranar jana'iza, da sunan uba da shekaru da gidan da mamacin ya fito, da rajistar asibitin da aka kai masu rauni, da hotunan asali da ba a goge ranar ɗaukarsu ba.